Tagar da Ƙasa Ta Matsar

Ni kafinta ne, ɗan kafinta, kuma tun da na yi wayo uwata faɗa take yi da matar da ke tsallaken lungunmu. Ba faɗan dambe ba ne, ba kuma na gaba ba. Faɗan taga ne. Tagar kicin ɗinmu tana kallon tagar kicin ɗinsu ido cikin ido, ɗan lungu ne kawai a tsakani, wanda mai kura ke wucewa da ƙyar ba tare da ya goge bango ba. Da gari ya waye Inna za ta tura ƙyauren tagarta, waccan ta tura nata, sai a buɗe kasuwa. Yau a ce hayaƙin wance ya shiga wankin wance, gobe a ce kazar wance ba ta da tarbiyya kamar mai ita.

Mu yara Iya muke ce mata. Inna kuwa ban taɓa jin ta kira ta da wani suna ba sai Ta-Tsallake. Ita kuma Iya tana kiran uwata Rediyo, wai don ba a taɓa jin an kashe ta ba. Ban ji daɗin sunan ba ina yaro, amma da na girma na auna shi da idon kafinta, na ga ya zauna daram, babu inda yake buƙatar gyara.

Marigayi Baba ne ya gaji da ganin ana jefa albasa da ƙullin gishiri daga taga zuwa taga, rabi yana faɗawa kwata. Ya samo ƙafafun tsohon keke guda biyu, ya cire musu taya, ya kafa ɗaya a gefen tagarmu, ɗaya a gefen tagar Iya, ya zarga igiya, ya rataya kwando. In ka ja igiyar sai kwandon ya tsallaka yana rangaji, ƙafar keken tana wani ɗan kuka mai shiga kunne. A cikin kwandon nan babu abin da bai tsallaka ba. Ashana, allura, maganin ciwon gwiwa, ɗanɗanon miya da ake aikawa don kawai a ce gishiri ya yi yawa. Amma babban fasinjansa murfin tukunya ne.

Labarin murfin gajere ne, rigimarsa ce doguwa. Tun suna amare suka sayi tukwane iri ɗaya a hannun mutum ɗaya. Wata rana murfi ɗaya ya ɓata, ɗaya ya rage, kuma kowacce ta rantse wanda ya rage nata ne. Tun daga nan yake yawo. Inna ta leƙa ta ce a aiko mata da murfinta, Iya ta aiko tana cewa aro ne ta bayar, a dawo mata da abinta kafin rana ta faɗi. Na sha cewa zan sayo musu sabo. Ranar da na sayo ɗin, su biyun suka haɗu a kaina, suka wanke ni tas, sabon murfin ya ƙare a matsayin kwanon ruwan kaji.

Da tsufa ya zo, ƙafafun Iya suka daina ɗaukarta. Ni na yi mata kujera mai ƙafafun gungurawa, surukarta take tura ta bakin taga da safe, a nan take wuni tana tsinke ganye tana sa ido a kan duniya. Inna ma gwiwa ta fara ba ta wahala, sai da sanda. Kuma duk kusancin nan, rabon Inna da taka gidan Iya tun rasuwar mijin Iya. In ka ce mata ƙawarki, sai ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta ƙawance da mai rowar murfi.

Wata rana da hantsi girgizar ƙasa ta zo. Ina tsakar gida da kofin shayi a hannu, matata tana shanya, Inna tana kicin. Na fara jin wani ruri daga ƙarƙashin ƙafata kamar babbar mota tana wucewa a inda babu hanya. Kafin in ajiye kofin ƙasa ta fizge, na tsinci kaina a zaune. Randa ta kife, kwanon rufi yana ta kururuwa, bishiyar tsakar gida tana dukan iska. Na rarrafa na shiga kicin na tarar da Inna ta rungume ƙafar tebur tana salati, na kwanta a kanta har abin ya lafa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, kuma duk wanda ya ce maka ya ƙirga a wannan hali, ƙyale shi kawai.

Gidajen lungunmu na katako ne da kwano, gajeru, yawancinsu aikin Baba ne da ni. Sun yi rawa, sun karkace nan da can, amma sun tsaya. A cikin gari abin ba haka ya kasance ba. Benaye sun zauna a kan mutane, kuma mun yi kwanaki muna tono muna binnewa. Akwai waɗanda na sani tun muna yara a cikinsu. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba, don har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Abin da ya faru da lungunmu kuwa, da ba da idona na gani ba da na ce sharri ne. Ƙasa ta tsage a tsakiyarsa, bisa tsawonsa, tun daga bakin titi har ta fita bayan gari ta nufi duwatsu. Ta tashi ta yi kunya kamar an bi da garma, ɓangaren su Iya ya ɗaga ya kai gwiwata. Ba wannan ne abin mamakin ba. Ɓangaren nasu gaba ɗaya, da gidaje da bishiyoyi da turakun lantarki, ya zame gefe. Bututun ruwan da ya ratsa lungun ya katse, bakinsa ɗaya yana nan, ɗayan yana can gaba sai ka taka ka je. Farin layin da ke tsakiyar titi ya zo bakin tsagar ya tsaya, ya ci gaba a wani wuri daban. A filin ƙwallo raga ta daina kallon raga, har yau masu wasa suna rigima a kan inda tsakiya take.

Igiyar Baba ta tsinke. Kwandon na tsince shi a cikin tsagar, ƙasa ta cika shi. Murfin kuwa a ranar yana hannun Iya.

Da aka tabbatar kowa yana da rai a gidajen biyu, Inna ta dogara sandarta ta je ta tura ƙyauren tagarta. Babu taga a gabanta. Bangon ɗakin ajiyar su Iya ne, fari fat, da tsohon buhu a rataye. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo ta ce mana alhamdu lillahi, yau dai Allah ya raba ta da fitina, kunnenta zai huta.

Muka yi dariya, don a kwanakin nan abin dariya ya yi tsada. Amma daga ranar rediyon gidanmu ya mutu. Inna ta daina yi wa matata gyaran girki. Ta daina cewa na bar garin katako a gashina. In an kawo abinci ta taɓa ta ture. Macen da in ta yi atishawa maƙwabta ke amsawa, sai ga ta tana magana kamar mai rowar murya. Raina ya tashi ƙwarai, don ban taɓa sanin shirun uwata zai fi surutunta nauyi ba.

Mu duka muka ce tsoro ne. Ai dole, ƙasa ba ta daina ɗan motsawa ba, kullum sai ta yi wata 'yar girgiza ta tuna mana tana nan. Na kai ta asibiti, likita ya auna abin da zai auna ya ce jikinta ya fi nawa lafiya, ya ba mu maganin barci. Yayata, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta bugo waya tana kuka, ta ce ba za ta bar uwarta a bakin rami ba. Ta ce da zarar an gyara hanya za ta zo da mota ta ɗauke ta, ta gyara mata ɗaki har da labule. Yaya in ta ƙulla abu ba a kwancewa. Ni kuwa na san in Inna ta bar gidan nan da Baba ya kafa da hannunsa, ba za ta dawo ba, kuma ba za ta daɗe a can ba. Na sani, amma ba ni da yadda zan hana, tunda ga ta nan tana narkewa a gabana.

A cikin haka masu binciken ƙasa suka iso lungunmu. Shugabarsu mace ce doguwa, da manyan takalma da hula mai faɗi, rana ta dafa ta sosai. Muka sa mata suna Malamar Ƙasa. Sun zo da na'urori masu ƙafa uku da wani ɗan jirgi da ke tashi sama yana ɗaukar hoto. Sun ce tun daga duwatsu suke bin tsagar a ƙafa, kuma tafiyar kwanaki ce a mota kafin a ga ƙarshenta. Abin da suke nema shi ne duk wani abu da aka san a miƙe yake kafin girgizar, katanga ko hanya ko layin bishiyoyi, don su auna nisan da ƙasa ta zame a kowane wuri. Da ta ga ƙafar keke a bangonmu, ta hango 'yar'uwarta can gaba a bangon su Iya, ta tambaya, na ba ta labari. Ta yi murna kamar an ba ta kyauta. Ta ce tana son ta gaida mai tagar.

Ta cire takalmanta a ƙofar kicin, ta durƙusa ta gaida Inna tana kiranta Mama. Wannan ya sa Inna ta ɗan sake. Malamar ta tambaye ta ko tagogin suna kallon juna sosai, Inna ta ce sosai har ta fi son haka. Suka ja awo daga ƙafar kekenmu, suka rubuta abin da za su rubuta. Sai da malamar ta miƙe za ta fita Inna ta yi magana, idonta a kan bangon nan mai buhu.

“'Yar nan, yaushe za ta koma?”

“Wa, Mama?”

“Ƙasar. Ai na ga kullum tana motsi. Na ce ko komawa take yi a hankali.”

A nan na gane abin da ya sa kullum da safe take buɗe taga ta tsaya tana kallon bango. Ni ina tsammanin addu'a take yi, ashe buhun nan take dubawa ko ya matsa.

Malamar ta koma ta zauna. Ta ce in ara mata guntayen katako biyu, na kawo. Ta haɗa su gefe da gefe, ta matse, tana tura ɗaya gaba tana jan ɗaya baya. Ta ce haka ƙasar nan take tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Ɓangarorin biyu suna tafiya, kowanne da inda ya nufa, a hankali kamar yadda farce ke tsiro. Amma a nan bakin tsagar sun cije da juna, sun ƙi sakin juna, sai ƙarfi yake ta taruwa shekara da shekaru. Ranar da cizon ya kasa, sai su biya tafiyar ɗaruruwan shekaru a cikin numfashi kaɗan. Ta saki hannu, katakon ya zame. Ni da na sha ganin ƙusa ta riƙe katako har ranar da za ta karye, ban sha wahalar ganewa ba. Ta ce ƙananan girgizar da muke ji zama ne ƙasa take gyarawa, ba komawa ba ce. Ta ce ba za ta yi wa Mama ƙarya ba, inda tagar ta je nan za ta zauna, in ma za ta sake motsi wata rana, gaba za ta ƙara.

Inna ta ce to wa ya tafi, mu ko su.

Malamar ta yi murmushi ta ce duka biyun. Ta ce in ka tsaya a nan ka dubi can, za ka ga su ne suka zame dama. In ka tsallaka can ka dubi nan, za ka ga mu ne muka zame dama. Babu wanda ya tsaya, babu wanda ya gudu shi kaɗai.

“Ni dai ina nan inda nake,” in ji Inna. “Ita ce ta tafi.”

Bayan sun fita ta kira ni ta ce in gaya wa Yaya ta zo, ta shirya. Ta ce in yi mata akwatin katako mai ƙarfi na zuba tukwanenta.

Yanzu na san ciwon, amma sanin ciwo daban, shan magani daban. Na ce mata bari in goya ta in tsallakar da ita gidan Iya su gaisa, tunda an sa katako a kan tsagar ana wucewa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta rasa abin yi ne za ta kai kanta gidan Ta-Tsallake, a ce ta yi kewa. Na ce to ga waya, in haɗa su. Ta ce wane irin faɗa ake yi da mutumin da ba ka ganin hararar da yake maka. Na ce a kawo Iya nan. Ta ce in na kuskura na jijjiga tsohuwa mara ƙafa a kan wannan katakon, ita da ni ne. Ka ji fa, wai ba ƙawarta ba ce. Na fita ina huci, don taurin kan Inna in ya motsa, gara ka yi gardama da kututture.

Shagona yana manne da gidan, a ƙarshensa, ƙofarsa tana kallon titi, bayansa da gefensa suna lungu. Tun girgizar ban yi aikin kirki a ciki ba, kullum ina kan rufin wani ina gyara. Ranar da aka ce hanya ta buɗe, Yaya tana tafe, na shiga don in yi akwatin. Raina a jagule yake. Na nufi tarin katakon da ke jingine a bangon lungu, wanda ya daɗe a wurin har na manta launin bangon. Ina janye su ɗaya bayan ɗaya ina neman busasshe, sai na ga firam ɗin taga a bayansu, an toshe ta da falle na kwano an bi da ƙusoshi.

Na tsaya ina kallonta, sai abin ya dawo mini. Baba ne ya toshe ta ina ƙarami, saboda iska tana kwasar garin katako ta tagar ta kai shi kan shanyar Iya, ita kuma ta hana shi sakat. Na sa bakin guduma na ɓanɓare ƙusoshin, ba don wani tunani ba, don dai in sami haske. Kwanon ya faɗi waje da ƙara.

Ga Iya a gabana. Tana zaune a kujerar da na yi mata, tire a cinya, tagarta tana kallon tawa kamar da awo aka dasa su. Ta ɗan rame, ɗankwalinta ya zame. Ta ƙura mini ido, ni ma na ƙura mata.

“Kai ɗan Rediyo,” ta ce, “batir ne ya ƙare, ko mai ita ta sayar?”

Na gaishe ta. Ta ce in bar gaisuwa, ita tun da aka ce mata babu haɗari a zama a kicin ɗinta take wuni a nan tana kallon bangon shagona, har ta haddace ƙusoshinsa. Na gaya mata Inna za ta tafi wurin Yaya. Hannunta ya tsaya a kan tiren. Ta ce ai dama ta sani, mutumin da ya kwashe gida sukutum ya zame dama don kada ya ga maƙwabci, me zai hana shi shiga mota. Ta ce in gaya wa uwata ita tana nan inda take, ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Na juya na dubi shagon. Teburin aikin Baba yana tsakiya, wanda ya sha zarto har ya yi kwari. A nan na koyi riƙe guduma, a nan ya fasa mini kai da faɗa, a nan na fi jin ni mutum ne. Ba zan ɓoye ba, na ji zafin abin da na san zan yi. Amma ban daɗe ina jinsa ba. Na kira matata da maƙwabta biyu, muka ciccibi teburin muka fitar tsakar gida ƙarƙashin bishiya. Muka kwashe katako, muka share, matata ta wanke ƙasan har sau nawa tana mita wai garin katakon ya fi shekarunta. Na ciro ƙafar keke daga bangon kicin na kafa a gefen sabuwar tagar. Na tsallaka na gyara ta Iya, na zarga sabuwar igiya, na kakkaɓe kwandon na rataya. Na ajiye kujera mai taushi a bakin taga.

Saura babban aiki. Na san in na ce wa Inna ta zo ga ƙawarta, ko da ƙugiya ba za a jawo ta ba. Sai na shiga ɗakinta na same ta tana ninke zannuwa, na zauna kamar mai gajiya, na ce ni dai yau na ji abin da ya ɓata mini rai. Ta ci gaba da ninkinta. Na ce Iya ce take gaya wa duk mai wucewa wai Inna ce ta gudu, ta kwashe gidanta ta zame don tsoron baki, ita kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Kuma ban yi ƙarya ba, haka ta ce.

Zanen da ke hannun Inna ya sauka a hankali. Ta ce a ina ta faɗa. Na ce ta tagar shago, yanzu ma tana can. Ban taɓa ganin sandar nan ta yi sauri irin na ranar ba. Ni da matata muna biye, tana gaba tana cewa yau za a san wanda ya gudu.

Ta shiga shagon, ba ta ko tambayi inda teburin Baba ya tafi ba. Ta isa taga ta dafa. Suka ga juna. Inna ta zauna a kujerar, tana haki. Iya ta sunkuya ta ɗauko wani abu a gefenta ta sa a kwando, wanda na bari a ɓangarenta, ta ja igiya. Ƙafar keken ta yi kukanta na da. Kwandon ya tsallake tsagar yana rangaji ya tsaya a gaban Inna. Murfin ne, an goge shi yana ƙyalli.

“Ga shi nan,” in ji Iya. “Naki ne dama. Ki tafi da abinki, kada a ce na ci miki.”

Tun ina cikin zanen goyo ake wannan shari'a, yau ga hukunci an yanke, kuma babu wanda ya yi murna. Inna ta ɗauki murfin da hannu biyu. Ta juya shi, ta shafa lanƙwasar da ke bakinsa da babban yatsa. Na kau da kai don kada ta ga ina kallonta.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a cikin kwando.

“Wannan lanƙwasasshen abin ne nawa?” Muryar ta dawo gaba ɗayanta, har matata ta zabura. “Nawa lafiyayye ne. Kin ɓatar da nawa, yanzu za ki liƙa mini naki don kin ji zan yi tafiya? Riƙe tsiyarki. In na tashi girki gobe na aiko a ara mini.”

Ta ja igiya da ƙarfi, kwandon ya koma. Iya ta ce wallahi ba nata ba ne, ta sake turo shi. Inna ta mayar. Iya tana share ido da bakin ɗankwali tana cewa hayaƙin gidanmu ne ya fara damunta tun ba a kunna wuta ba. Daga nan aka koma kan wanda ya gudu, kowacce tana nuna dama da hannu tana rantsuwa, kuma abin daɗin shi ne duk su biyun gaskiya suke faɗa. A tsakiyar rigimar Inna ta juyo ta ce wa matata ita fa yunwa take ji, ko a gidan nan an daina ba tsofaffi abinci ne.

Yaya ta iso da la'asar, da mota da direba da bargo. Tun daga bakin titi ta ji muryar. Ta tsaya a ƙofar shagon da jakarta a hannu tana kallon bayan uwarmu, ba ta shiga ba. Can ta juyo ta tambaye ni ina akwatin da aka ce zan yi. Na ce ban samu busasshen katako ba. Ta harare ni, sannan ta ce a ba direba shayi, da safe za su koma.

Injiniyoyi sun zo daga baya sun duba gidajen, sun hana a yi gini a kan tsagar ko dab da ita, sun ce lungun ya zama na masu tafiya a ƙafa. Namu sun sa na ƙara masa ƙarfi a kusurwoyi, na yi. Malamar Ƙasa ta sake biyowa wata rana ta tsaya a bakin tagar Iya, Inna ta aika mata da lemo a kwando daga taga, ta kuma gaya mata cewa iliminta da saura, tunda har yanzu ba ta gano wanda ya gudu ba.

Ni yanzu a tsakar gida nake aiki, ƙarƙashin wata rumfar kwano da na kafa. Rana tana duka na, in ruwa ya zo da iska sai na lulluɓe teburin Baba da leda ina ƙunƙuni. Masu kawo aiki sai sun ratsa ta gaban shanyar matata. Ina mita, kuma ina da gaskiyar yin mita. Amma kullum da safe, kafin in ɗauki zarto, sai na ji ƙyaure ya buɗe, wani ya amsa daga tsallake, sannan ƙafar keken ta fara kuka. Matata ta sha cewa in ɗiga mata mai ta daina damun mutane. Ga gwangwanin man nan a kan teburina, kullum ina ganinsa, ban taɓa kai shi wurin ba.